Matakala Goma Sha Tara

SHAFI NA 23

To masu cika min waya da "Malama ina ci gaba," ga ni nan. Wata har cewa ta yi wai jan aji nake. Baiwar Allah, takardun jarrabawa ɗari da ashirin na duba jiya, wuyana har yanzu bai dawo daidai ba. Ga naku, ku karanta ku bar ni in sha iska.

Wanda ya shigo yau kuma ya matso in gutsura masa.

Ni ce auta a gidanmu, malamar kimiyya a makarantar sakandare. Shekara uku ke nan da motar da ta kwaso mu daga makaranta ta kife, tun ranar daga ƙuguna zuwa ƙasa ba na jin komai. Keke ne ƙafata. Kowa ya sani ban da mutum ɗaya, Mama. Tana nesa da mu, tafiyar jirgi ce, ga ciwon zuciya. Yayyena suka zauna suka yanke cewa labarin zai iya kashe ta, sai aka ce mata karaya ce ana ɗori. Da aka shekara aka ce na fara takawa da sanda. A nan ƙaryar ta samu wurin zama, shekara biyu cur ina "takawa da sanda." Matar da ta yi shekara talatin tana aikin jinya a asibiti, ita muka zauna muna yi wa wannan wasan.

A inda labarin yake, gobe ƙarfe takwas na safe za a shiga da ita tiyata. Ta ce ba ta sa hannu a takardar likita sai ta gan ni ido da ido. Jirgi ɗaya tak ke zuwa can a rana. Yaya, babbanmu, ya zo ɗaukata.

Mun tsaya a inda aka zuba mu a bas daga ɗakin jira zuwa gindin jirgi.

Bas ɗin na tsayawa mutane suka dare kamar an ce jirgin zai tafi ya bar kujerunsu. Aka bar ni ni da Yaya da Baba mai tura keke, wani dattijo gajere mai furfura da rigar aiki ruwan lemu. Tun a ciki ya shiga raina, don shi ne mutum na farko a filin jirgin nan da ya tambaye ni kafin ya taɓa kekena.

"'Yata, in tura ko za ki tuƙa?"

"Tura Baba, hannuna ya gaji."

Ya sauko da ni ta gangaren bas a hankali, da baya, yadda ake yi. Ƙaramar tayar hagu ta gaba ta fara waƙarta, ƙiii, ƙiii. Tayar nan ta fi ƙarfin kowa. Mijina ya ɗura mata mai, ya kwance ta ya ɗaura, ta yi shiru kwana biyu ta dawo da kukanta.

Rana tsaka, kwalta na tururi. Na ɗaga kai na kalli jirgin.

Matakala. Doguwa, siririya, irin wadda ake turowa a manna da ƙofa. Na ƙirga, don ƙirga ya zame min jiki. Goma sha tara.

Na waiga hagu na waiga dama. Akwai wata mota da ake kawo wa irina, kamar ƙaton akwati, a shigar da kai da kekenka ta ɗaga ka har ƙofar jirgi. Motar ɗagawa suke ce mata. Ko inuwarta ban gani ba.

Baba ma waige-waigen yake.

"Ina motar?" ya faɗa kamar da kansa yake magana. "Na tambaya a ƙofa aka ce an shirya komai."

Sai ga wata doguwar mata ta nufo mu da sauri, rediyon magana na oba-oba a hannu ɗaya, takardu a ɗayan. Ita ce shugabar masu shigar da fasinja. Ta wuce ni, ta tsaya gaban Yaya.

"Yallaɓai, a taimaka a miƙar da ita, lokaci na tafiya."

"Baiwar Allah," na ce, "ina nan ƙasa. Bakina lafiyarsa lau."

Ta sunkuyo da murmushin aiki. "Yi haƙuri Hajiya. Ki miƙe a hankali, za mu riƙe ki. Keken za a sa shi cikin kaya."

"In miƙe in je ina?"

"Ki hau mana."

"Da me?"

Ta kalli takarda, ta kalle ni, ta sake kallon takarda. "An rubuta kina iya hawa matakala. Tafiya mai nisa ce kawai ba ki iyawa."

"Wa ya rubuta?"

"Haka yake a fom ɗinku."

"To fom ɗin ya zo ya hau."

Wani mai kwat da ke tsakiyar matakala ya leƙo. "Hajiya ki daure mana, 'yan kaɗan ne fa. Ki sa a ranki za ki iya."

Jama'a, ku ji min mutum. Shekara uku likitoci huɗu da ƙarafa biyu a bayana, ashe abin da ya rage kawai in sa a raina. Na bi shi da kallo har ya shige.

Mai oba-oba ta buɗe takardar a gabana tana nunawa da biro. "Kin ga, gida uku ne. Na farko, mai iya hawa matakala. Na biyu, wanda ba ya iya matakala amma yana takawa zuwa kujerarsa. Na uku, wanda ba ya takawa sam. Da na ukun aka cika da tun safe an tanadi mota. Na farko aka cika."

Na san gidajen nan uku kamar sunana. Ni na tura wa Yaya saƙo har sau biyu, da manyan baƙaƙe: NA UKU. Sai lokacin na tuna da safe, da muka iso, yadda ya ajiye ni can gefe wajen kaya. "Zauna nan Auta, layin da tsawo, bari in je kantar tikiti ni kaɗai." Ni kuma har ina cewa a raina Yaya ya fara tausayi.

Na juya keken na fuskance shi. Ƙiii.

Yaya, babban mutum mai 'ya'ya biyar, ya kafa wa fiffiken jirgi ido kamar shi aka ba kwangilar gyara shi.

"Yaya."

Ko waigowa bai yi ba.

"Yaya da kai nake."

"Na'am Auta. Ai... kuskure ne. Kin san wayoyin nan."

"Wayar ce ta zaɓa?"

Ya sosa ƙeya. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

Mai oba-oba ta katse mu. "Ku yi wannan a cikin jirgi don Allah. Yanzu mafita. Ga masu loda kaya can, ƙarti ne, biyu su kama ta, ɗaya hannu ɗaya ƙafa, minti ɗaya an gama."

Har ta ɗaga hannu za ta yafito su.

"A'a," in ji Baba.

Bai ɗaga murya ba. Hannunsa na kan mariƙin kekena.

"Baba kai kuma fa?"

"Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, ban taɓa bari an ɗauki mutum kamar buhu ba, ba kuma yau zan fara ba. Doka ma ta hana, ke kin sani."

"To a kawo siririyar kujerar nan mai bel."

"Ita sai mutum biyu da aka koya wa. Abokin aikina yana can wani jirgin." Ya sunkuyo. "'Yata, akwai ƙarfe a bayanki?"

"Biyu."

"To kin ji. Mai ƙarfe a baya ba na hawa matakala da ita ina jijjiga ta. In ta zame a ta goma fa? Ke za ki amsa ko ni?"

Ta ja dogon numfashi, ta danna oba-oba ta juya mana baya. Na ji ana ta ƙarar shuu-shuu da guntayen maganganu. Ta juyo fuska a murtuke.

"Motar tana can ƙarshen fili. Sun ce minti arba'in. Matuƙi ya ce minti goma zai bayar, in ba a shiga ba a sauke jakunkunanku. Sai ku bi na gobe."

"Na gobe ƙarfe nawa?"

"Ɗaya na rana."

"Ƙarfe takwas za a yanka ƙirjin mahaifiyata."

Ta ɗan yi turus. "Allah Ya ba ta lafiya. Amma ni abin da ke takarda nake bi."

Ban ga laifinta sosai ba, ko da yake a lokacin ji nake kamar in fizge oba-obar in jefa ƙarƙashin bas. Takarda aka ba ta. Mai laifin yana tsaye gefena yana kallon fiffike.

"Yaya, minti goma muke da su. Ka faɗa min gaskiya ko in fara ihu a filin nan, ka san zan iya."

Ya san zan iya. Ya durƙusa gefen keken, gwiwarsa ta yi ƙara.

"A gefen gadon Mama na cika fom ɗin."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ce in karanta mata komai da ƙarfi, tana so ta ji da kunnenta an yanki tikitin. Na karanta suna, na karanta rana. Sai na iso wajen keken. Na so in tsallake ta ce me ka haɗiye, karanta."

"Ka karanta."

"Na karanta gida ukun. Ta ce, to ai na farkon ne nata tunda tana takawa da sanda. Ta tsura min ido. Wayar na gabanta Auta, tana kallon yatsana. Me kike so in yi?"

"Ka fito waje ka gyara!"

"Na yi niyya wallahi. Sai likita ya kira ni, sai maganar jini, sai... na manta. Da safen nan na tuna a kanta, na ce in na faɗa yanzu za su ce ba a sanar da wuri ba su hana mu. Na ce in mun zo gindin jirgi dole su san yadda za su yi."

"Ga shi kuwa sun sani. Sauke mana kaya za su yi."

Ya sunkuyar da kai. Jakar da ke rataye a kafaɗarsa ta zamo ta faɗi a kwalta, ta yi wata ƙara irin ta ƙarfe. Doguwar jaka ce baƙa, tun safe yake manne da ita, ya hana a auna ta cikin kaya. Na ɗauka takardun asibiti ne.

"Me ke cikin nan?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ke ƙara haka? Baba, don Allah buɗe min."

Baba ya kalli Yaya, ya kalle ni. Yaya da kansa ya ja zif ɗin.

Sanduna biyu ne na dogarawa, irin masu naɗewa. Sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba.

Na kalle su na kalle shi.

"Na waye?"

"Ki saurare ni tukuna. Ni da Anti muka tsara." Anti ita ce mai bi masa, ita ke jinyar Mama. "In mun isa asibiti, a bakin ƙofar ɗakin kawai. Ki sa su a hammata, ni in riƙe ki ta baya, doguwar rigarki za ta rufe. Anti ta tsaya a gaba ta ɗan kare. Minti ɗaya Auta. Ta gan ki a tsaye, sai a ce kin gaji a kawo kujera. Ta shiga tiyata da farin ciki."

"A tsaye."

"Minti ɗaya kawai."

"Ka jingina ni a ƙofa kamar tsintsiya."

"Ba haka nake..."

"Keken kuma fa? A ina za ka ɓoye shi? A bayan gida?"

"A mota."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, irin wadda ke zuwa in kuka ya rasa hanya. Mai oba-oba ta daina danne-dannenta tana kallonmu. Can sama a ƙofar jirgi ma'aikatan ciki biyu sun leƙo, ta tagogi kuma fuskoki ne a jere.

"Yaya, ka san nawa ne nauyina? Ka san in ka sake ni daƙiƙa ɗaya zubewa zan yi a gaban mai ciwon zuciya? Shi ne farin cikin?"

"Tsoro nake ji Auta. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali. In ta gan ki a kan abin nan zuciyarta ta tsaya, ni zan ɗauki alhakin. Ni na fara ƙaryar."

A nan fushina ya rasa inda zai sauka, abin ya ƙara ba ni haushi. Don in za a faɗi gaskiya, ba shi kaɗai ba ne. Wa ke sa mijinta ya ɗauke ta ya ɗora kan doguwar kujera duk ranar da Mama za ta kira ta bidiyo? Wa ke cewa a tura keken bayan labule? Ranar da kiran ya zo ba shiri ina kan keke, wa ke manna wayar a fuska har hanci ya cika allo? Wa ta ce wa Mama, "Yau har bakin titi na taka"? Ni ce. Shekara uku na ƙi zuwa gida, yau jarrabawa gobe taron malamai, ina kewar matar nan kamar raina zai fita, duk don kada ta ga tayoyi huɗu. Na gaji. A gindin matakalar nan na san na gaji.

"Saura minti shida," in ji Mai oba-oba, a hankali wannan karon.

Baba ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, motar nan ba aiki take ba."

"Sun ce tana wani jirgin."

"Jirgin da aka rubuta mata bai sauka ba, an ɗaga shi da awa guda, na ji ana faɗa a ɗakin jira. Direbanta na zaune a inuwa. Masu ofis allo suke kallo, allo ya ce tana aiki. In ke kika kira shi kai tsaye, minti goma sha biyu yana nan."

"Minti shida nake da su Baba."

"Ki roƙi shida."

Ta ciji leɓe. "In na kira motar da ba a rubuta ba, jirgi ya makara, sai na rubuta dalili. Ba zan rubuta cewa laifinmu ne ba, don ba namu ba ne. Abin da zan rubuta shi ne fasinja ta ba da bayanin da ba gaskiya ba. Kuma sai ta sa hannu."

Yaya ya miƙe. "Haba Hajiya, a ce kuskure mana. Malama ce fa, a rubuta mata ƙarya a takarda?"

"Kawo biron," na ce.

"Auta..."

"Ƙarya ce Yaya. Mu muka yi ta, mu duka. Yau dai ta samu mai rubuta ta."

Na ɗora takardar a kan cinyata na sa hannu, sa hannun ya karkace. Ta karɓa, ta danna oba-oba ta fara magana da sauri, tana tafiya tana dawowa.

Sai wayar Yaya ta ɗauki ƙara.

Ya duba, fuskarsa ta canja. "Anti ce. Bidiyo. Mama ce za ta ce a kira, ta san lokacin tashi."

"Ba ni."

"Bari in ce kin riga kin shiga."

"Yaya ba ni wayar nan."

Ya miƙo, amma bai saki ba. Ya matso da ita dab da fuskata yadda muka saba, ya danna.

Ga Mama. Ta rame, robar iska a hancinta, ɗankwalinta ya zame gefe. Idanun nan dai suna nan yadda na san su, masu hango abin da ka ɓoye a aljihu.

"Auta. Kun shiga?"

"Ba mu shiga ba Mama."

"Me ya tsayar da ku?"

Yaya na girgiza min kai, idonsa ya yi ja. Ta bayan Mama na hango Anti ta dafe ƙirji.

Na zare wayar daga hannunsa na miƙa wa Baba.

"Baba, ja da baya. Ka ɗauko ni duka, har ƙasa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ja taku ɗaya, biyu, uku. Ya saita.

Ban san lokacin da na gyara zaman rigata ba. Na ɗora hannu a kan tayoyi na zauna sosai.

"Mama, ga ni. Ba na takawa. Ban taɓa takawa ba tun ranar. Babu sanda, babu bakin titi. Ki yafe mana."

Yaya ya rufe fuska da tafin hannu yana salati ƙasa-ƙasa.

"Bawan Allah mai riƙe da waya," in ji Mama.

"Na'am Hajiya."

"Ɗan karkata min wajen hagu. Ƙasa. Yawwa." Ta matso da fuskarta. "Wannan 'yar tayar ce ko? Ita ce mai kukan?"

Na sunkuya na kalli tayar.

"Auta da ke nake. Har yanzu mijinki bai canja ta ba? Shekara biyu da rabi ina jin ta a waya. Ƙiii, ƙiii. Gashi ne ke naɗewa a ƙarfen tsakiya, mai ba ya yi mata komai, sai an kwance an cire."

"Mama... kin sani?"

"Shekara talatin ina tura irinsa a barandar asibiti, ni za a gaya wa kukan tayar keke? Da kuka ce sanda, na ce to, yaran nan tsoro suke ji, bari in ba su lokaci. Na ba ku wata, na ba ku shekara. Ni ina nan ina kukana ni kaɗai, ku kuna can kuna tausayina."

Yaya ya sauke hannu. "To Mama fom ɗin... ke kika ce na farko."

"Na ce na farko ina kallon cikin idonka, ko za ka ce a'a Mama, ba haka ba ne. Sai ka danna. Na ce to in ya fita zai gyara, ai yana da hankali." Ta tsaya ta ja iska. "Ashe na yi maka zaton da ya fi ka."

Baba ya yi tari don ya danne dariya, wayar ta ɗan girgiza.

Ni kuwa hawaye ne ke zuba, ga haushi kamar in fashe. Shekara uku! Shekara uku na hana kaina ƙamshin ɗakin uwata saboda sirrin da har taya ta riga ta tona.

"Ki share fuska," in ji Mama. "Ban kira ki don in ga ƙafa ba, ke nake son gani. Ki zo min a kan kekenki, ki shigo ta ƙofa yana kukansa. In ba ki zo ba takardar nan ba ta ganin hannuna, su yi abin da za su yi."

Oba-oba ta yi ƙara. Matar ta kara a kunne, ta runtse ido.

"Motar ta taso," ta ce. "Amma matuƙi ya ce lokaci ya cika. Ya ce a janye matakala a rufe ƙofa."

Na duba can ƙarshen fili. Ga ta, ƙaton farin akwati da 'yar fitila mai walƙiya a ka, tana tahowa kamar mai ciwon ƙafa. Ko rabin hanya ba ta yi ba.

Masu rigar lemu biyu suka zo suka kama matakalar ta gefe da gefe. Ɗaya ya sunkuya zai saki makullin tayarta. Baya za su ja ta, babu wata hanyar.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kama tayoyina na tura da duk ƙarfin da shekara uku suka tara min a kafaɗa. Ƙiii, ƙiii, ƙiii. Na tsaya dab da matakalar farko, gwiwata na taɓa ƙarfe, na cika hanyar.

"Hajiya!" Mai oba-oba ta yi ihu. "Ki matsa, ba a tsayawa nan!"

"Ku matsar da ni."

Masu lemun suka kalli juna, suka kalli Baba.

"Ni dai na faɗa," in ji Baba, wayar na hannunsa har yanzu. "Ba a ɗaukar mutum kamar buhu. Doka ta hana."

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya sa ƙafa ya ture jakar sandunan gefe, ya zo ya zauna daɓas a kan matakala ta biyu, da manyan kayansa da komai.

Can sama aka yi motsi. Wani mai farar riga da zane huɗu a kafaɗa, matuƙin da kansa, ya fito ƙofa, ya cire tabarau ya leƙo mu. Ya fara saukowa, taku ɗaya-ɗaya, fuskar nan ba alamar wasa.

Daga cikin wayar muryar Mama ta fito, siririya amma tar.

"Auta, kin ja birki?"

Na sa hannu dama da hagu. Ƙas. Ƙas.

"Na ja Mama. Duka biyun."